Kullum da Dare Nakan Ɗaura Niyya, da Safe Ta Warware

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 44, 'ya'yana huɗu, ina aiki a wani ofishin gwamnati a nan Kaduna, muna zaune a Tudun Wada. Wata takwas da suka wuce na je asibiti saboda ciwon kai, aka auna jinina aka samu 148 bisa 94, suga kuma 112 kafin in karya. Likita ya ce ban kai ga ciwon suga ba tukuna amma ina bakin ƙofa. Ya ɗora ni a kan maganin hawan jini, ya ce in rage nauyi, in riƙa motsa jiki. Mahaifiyata da ciwon suga ta rasu, na ga wahalar da ta sha, don haka ba sai an yi mini wa'azi ba. A ranar na biya kasuwa na sayi kambas.

Sau uku ina farawa. Na farko wata ƙawata ta ja ni Dandalin Murtala ranar Asabar, muka shiga cikin masu tsalle-tsalle da kiɗa. Ko minti goma ban yi ba na koma gefe ina haki kamar zan shiɗe, 'yan mata na kallona, na kwana huɗu ko ruku'u da ƙyar nake yi. Na biyu na sayi igiyar tsalle, gwiwa ta hana. Na uku na fara zagaya layinmu bayan asuba, kwana biyar sai magana ta kai kunnen surukata. Ta ce wa maigidana tun da take ba ta taɓa ganin matar aure tana yawo da duku-duku kamar wadda akuyarta ta ɓata ba. Shi bai hana ni ba, amma da ya ga na ɗauko takalmin sai ya yi dariya ya ce, "Su 'yan wasa an fito." Yanzu takalmin yana ƙarƙashin gado. Kullum da dare nakan ce gobe zan fara, da safe in ji kamar an ɗaura mini dutse. Anti, raguwa ce ni, ko niyyar tawa ce ta ƙarya? Har na fara gudun komawa asibiti don kunyar likita.

Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada, Kaduna.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ji ƙan Mama, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya ba ki lafiya mai amfani.

Bari in fara da maganarki ta ƙarshe, domin ita ta fi tayar mini da hankali. Ki koma asibiti a wannan makon, ko kin motsa jiki ko ba ki motsa ba. Hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, mutum yana iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba. Likitan nan da kike jin kunya, kullum yana ganin mutanen da suka yi masa irin alkawarin da kika yi, ba zai yi mamakinki ba. Ki je a sake awo, ki gaya masa zancen gwiwar, ki ci gaba da shan maganinki yadda ya rubuta. Duk abin da zan faɗa daga nan ƙari ne a kan wannan.

Sai tambayarki. Raguwa ba ta fita layi da duku-duku kwana biyar a jere, kuma mai niyyar ƙarya ba ta kwana da abu a ranta wata takwas. Abin da ke damunki masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da saninsa. A 2013 wasu masana biyu, Rhodes da de Bruijn, sun tattara binciken da aka yi a kan masu niyyar motsa jiki, suka ga kusan rabinsu ba sa aikata abin da suka ƙudurta. Rabi fa. Ni kaina na daɗe a cikinsu. Keken motsa jikin da na saya da kuɗin adashe sai da ya shekara biyu a kusurwar ɗaki ina rataye mayafai a kansa, har wata baƙuwa ta tambaye ni inda na samo wannan irin hanga.

Wani malamin jami'a a Amurka, Icek Ajzen, ya yi bayani a 1985, ya faɗaɗa shi a 1991, cewa niyya a kan abu uku take zama. In kwatanta miki da abin da muka sani, tukunya ce a kan duwatsun murhu. Dutse na farko shi ne yadda ke kanki kike kallon aikin. Na biyu, abin da kike jin mutanen da kike ganin girmansu za su ce. Na uku, yadda kika yarda cewa abin yana hannunki, za ki iya. In ɗaya ya goce, tukunya ta karkace, komai kyan miyar da ke ciki. Da na karanta wasiƙarki sai na ga duka ukun sun motsa, har ina iya nuna miki ranar da aka bige kowanne.

Na farkon za ki ce lafiyarsa lau, tunda kin san amfanin motsa jiki, kin ga jinyar Mama da idonki. To amma fuska biyu gare shi. Akwai abin da kai ya sani, cewa abu kaza yana da amfani. Akwai kuma abin da jiki ya ɗanɗana, da daɗi ko babu. Binciken da aka yi ta yi ya nuna cewa na biyun ya fi ƙarfi wajen sa mutum ya fita. Ke me jikinki ya ɗanɗana? Haki a gaban 'yan mata, kwana huɗu kina ruku'u da ƙyar, gwiwa tana suka. Da dare kai ne yake magana, shi ya sa niyyar take fitowa tsaf. Da asuba mulki yana hannun jiki, shi kuwa bai san wani 112 ba, abin da yake tunawa Asabar ɗin nan ce ta Dandalin Murtala. Dutsen da kike ji an ɗaura miki ke nan. Tsoro yana iya kai mutum kasuwa ya sayi takalmi, amma da wuya ya tashe shi daga gado rana ta talatin.

Ƙawarki da alheri ta ja ki, kada ki riƙe ta a rai. Kuskuren kawai shi ne an jefa wadda ta daɗe rabonta da gudu cikin waɗanda suka saba. Igiyar ma haka take. Mace mai shekara 44 da nauyi a jiki ta fara da dira a kan siminti, ai gwiwa ba ta yi laifi ba da ta kai ƙara.

Tafiya da ƙafa nake so ki koma wa. Ki lura, a cikin gwajinki uku ita kaɗai ce jikinki bai ƙi ba, bakin mutane ne ya tsayar da ita. Ma'auninta mai sauƙi ne: ki yi saurin da numfashinki zai ɗan ɗaga, ki ji ɗumi a jiki, kina iya hira amma ba kya iya rera waƙa. In magana ta gagara kin zarce, sai ki sassauta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 na irin wannan a mako, wato aƙalla rabin awa sau biyar, kuma ta ce ko ɗan kaɗan aka yi ya fi babu. Ga wadda suga ya tsaya mata a bakin ƙofa irinki akwai albishir. Wani babban bincike a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya bi mutane sama da dubu uku da sugansu ya fara hawa. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri, tare da gyaran abinci da burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin nasu da kashi 31 ya ragu. Kashi 7 ɗin nan, ga mai kilo 85, bai wuce kilo shida ba. Ba wanda ya ce sai kin koma yadda kike ranar ɗaurin aurenki.

Sai dai kada ki fara da 150 ɗin, domin dutse na uku shi ya fi jin jiki a wurinki. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya rubuta a 1977 cewa yardar mutum da cewa zai iya wani abu tana da tushe, kuma mafi ƙarfin tushen shi ne abin da ya taɓa yi da kansa ya ga ya yiwu. Mu mun saba cewa bari in samu ƙwarin gwiwa tukuna sannan in fara. Shi kuwa ƙwarin gwiwa kamar adashe yake, sai an yi zubi ake ɗauka. Littafinki a yanzu faɗuwa uku ce a ciki, shi ya sa ko kallon takalmin ba kya son yi. Don haka ki zaɓi abin da ya yi ƙanƙantar da har za ki ji kunyar faɗa wa mutane: minti goma, sau uku a mako, na tsawon mako biyu. Akwai dabarar da ma'aikatan lafiya ke amfani da ita, ki ara. Ki tambayi kanki, daga sifili zuwa goma, nawa na tabbata zan yi wannan a makon nan? In amsar ba ta kai bakwai ba, aikin ya yi yawa, ki rage shi har sai ta kai. In kin cika makonnin biyu ki ƙara minti biyar, ko ki ƙara rana ɗaya. Ranar da kika ji ƙarfi kamar ki yi awa guda, ki tsaya a inda kika tsara, ki dawo gida da sauran marmari. So nake jikin nan naki ya fara ajiye wani labari ban da na haki.

Bandura ya ambaci wani tushen kuma, ganin wani irinka yana yi. 'Yan matan da suka kalle ki a dandali ba irinki ba ne, ganinsu sai dai ya ƙara kashe miki jiki. Ki duba layinku ko ofishinku, da wuya a rasa mace sa'arki da likita ya yi wa irin maganar da ya yi miki, ita ma tana ɓoye nata kambas ɗin. In kuka haɗu ku biyu, ranar da ba kya jin fita sallamarta a ƙofar gida za ta fitar da ke. Sannan ki koyi karanta jikinki. Ɗan bugun zuciya da zufa da ɗan tsamin jiki a makon farko ba alamar haɗari ba ne. Amma ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe ba ki yi wani sauri ba, wannan a tsaya ne a nufi asibiti, ba a yi masa jarumta.

Yanzu ga "gobe zan fara." Goben nan ba ta da ƙarfe nawa, ba ta da a ina, shi ya sa kullum take nan a gobe. Wani masani ɗan Jamus, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri, a ce idan kaza ya faru zan yi kaza, ta fi wadda aka bari sake zama aiki nesa ba kusa ba. Mu kuwa an riga an kafa mana turaku biyar a yini. Ba kya zama kullum ki yi shawara da zuciyarki ko za ki yi la'asar yau, lokaci na yi kin tashi. Ki ɗaure tafiyarki a jikin ɗaya daga turakun nan, ki rubuta a takarda da hannunki: ranar Litinin da Laraba da Asabar, da na sallame la'asar, zan sa takalmi in bi ta hanya kaza in dawo.

Ban ce asuba ba, da gangan. Uwar 'ya'ya huɗu mai zuwa aiki, asubarta ba tata ba ce. Ga koko a wuta, ga wanka, ga neman safar wannan da littafin wancan, in hunturu ya shigo a Disamba kuma ga sanyi ga ƙura. Kin zaɓi lokacin da ya fi kowanne cunkoso, da ya gagara sai kika ɗora wa kanki laifi. Ki duba yininki da kyau, akwai tafiyar da kike biyan kuɗi a ɗauke miki ita. In za ki dawo daga aiki, ki sauka daga keke napep tun da sauran ɗan nisa ki ƙarasa da ƙafa, takalmin yana cikin jaka. Ki raka yara Islamiyya da ƙafa ki dawo. A ofis, bayan azahar, ki zagaya harabar sau biyu kafin ki koma kan kujera. In duk wannan bai yiwu ba, bayan tuwon dare ki yi kai da kawo a tsakar gida minti goma kina sauraren rediyo ko karatu a waya. Tafiya bayan cin abinci tana taimakawa wajen rage hawan suga, wannan kuma ke ya fi shafa. Mai tafiya raka yara ko dawowa daga aiki, da hijabinta, ba wanda zai ɗaga kai ya kalle ta balle magana ta kai wani kunne.

Wannan ya kawo mu kan Hajiya. Na san maganar akuya ta yi miki ciwo, ko ni ce za ta yi mini. Amma ki ɗan tsaya a inda take tsaye. Matan zamaninsu sun yi surfe, sun yi daka, sun ja ruwa a rijiya, sun yi wankin gida guda da hannu, unguwa kuma da ƙafa suke zuwa. Motsa jiki a cikin aikinsu yake, ba su taɓa ware masa suna ba. Mu injin markaɗe da famfo da kujerar ofis suka ɗauke mana wannan, suka bar mu da hawan jini. Don haka in ta ga mace ta fita ba aike ba unguwa, yawo kawai za ta gani. Kuma akwai gaskiya a cikin maganarta ko da ba ta faɗe ta da daɗi ba: mace ita kaɗai a lungu kafin gari ya waye, a wannan zamani na masu ƙwacen waya, ni ma ba zan so miki ba. Kada ki je mata da hujja. Ki je gaisuwa kamar yadda kika saba, da katin asibitinki a jaka, ki ce, "Hajiya, likita ya ce ciwon da ya ɗauke Mama yana neman kama ni, ya rubuta mini magani biyu, ɗaya na haɗiya, ɗaya tafiya da ƙafa. Ki sa ni a addu'a." Dattijuwar da aka nemi addu'arta da wuya ta koma tana sukar abin da ta yi wa addu'a. In ta ci gaba, to ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani, ke ki ja bakinki.

Maigida kuwa, ina kyautata zaton bai san nauyin dariyarsa ba. Maza da yawa da zolaya suke rufe abin da ya ba su tsoro, wasu kuma sun ɗauka wasa ne irin na miji da mata. Ki samu lokacin da yara suka yi barci, ban da lokacin da ya yi dariyar, ki nuna masa lambobin nan, ki ce, "Baban yara, in ka ce su 'yan wasa sai in ji jikina ya mutu, kuma tsoro nake ji kada in bi hanyar Mama." Kada ki ce masa ya ba ki goyon baya, wannan magana ce da ba ta da hannun kamawa. Ki roƙi abu ɗaya takamaimai: ko ya yi wa Hajiya magana, ko ya raka ki ranar Asabar da hantsi, ku je wajen Gamji ku taka a inuwar itatuwa, ko ku koma dandalin nan ku zagaya a gefe abinku ba ruwanku da masu kiɗa. In ya ce girma ya hana, ki tuna masa cikin raha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu. Kuma ki lallaɓa shi a auna nasa jinin, kada a je mai dariyar ya fi ki bukatar takalmi. In ya ƙi rakiyar amma ya daina zolayar, ki karɓa, kin samu rabin abin da kika je nema.

Za ki yi fashi, wannan ki sa shi a lissafi tun yanzu. Ruwan Agusta zai tsare ki, baƙi za su sauka, biki zai taso, yaro zai kwana da zazzaɓi. Kowanne ki tanadar masa amsa tun kafin ya zo: in ruwa ya hana fita, falo da tsakar gida, in an yi baƙi, gobe bayan la'asar, in azumi ya zo, bayan an sha ruwa an huta. Wasu masu bincike a Landan sun bi mutane suna koyon sabuwar ɗabi'a, suka wallafa a 2010 cewa a tsaka-tsaki sai da aka yi kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe komai ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne hukuncin da suke yanke wa kansu washegari, wai tunda na fasa jiya shi ke nan, dama na san ba zan iya ba. Ki samu kalandar bango, irin wadda ake rabawa a biki, ki rataye a kicin, duk ranar da kika taka ki yi mata alama da biro. Sikeli kuwa ki bar shi sai wata-wata, domin nauyi yana da nawa, jini da suga kan fara gyaruwa tun shi bai motsa ba. In za ki koma asibiti karo na gaba, ki ɗauki hoton kalandar a wayarki ki nuna wa likita.

Gwiwar ma tana da nata aikin, in likita ya duba ya amince. Ki zauna a kujera mai ƙwari ki miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau takwas ko goma, kwana biyu a mako. Yana ƙarfafa naman cinya, shi kuma shi ke ɗauke wa gwiwa kaya.

Yau da dare ki durƙusa ki jawo kambas ɗin nan, ki kaɗe masa ƙura, ki ajiye shi kusa da sallayarki inda za ki gan shi da kin sallame la'asar. Bayan mako biyu ki rubuto mini, ina son jin alama nawa ce a kalandar, ko da uku ce. Igiyar tsallen kuwa ki ba autarki, ita gwiwarta sabuwa ce.